Inuwa a hoton huhu: nauyin da aka ɗora wa bakin allura

Hoto yana nuna inuwa, amma ba ya faɗin sunanta. A ce mutum ya yi wata biyu yana tari, ya rame, har ya fara ganin ɗigon jini a majinarsa. Aka tura shi hoton ƙirji, sai ga wani farin abu a dunƙule a inda ya kamata a ga baƙi. Daga nan aka yi masa hoton siti, wato na'urar nan mai ɗaukar jiki yanka-yanka, ta nuna girman abin da inda ya zauna da yanayin gefensa. Likitoci suna da ƙa'ida kan girma: abin da bai wuce santimita 3 ba ƙulli ne ƙarami, wanda ya haura haka ƙari ne, kuma ana yi masa kallon cutar daji har sai gwaji ya wanke shi. Wannan zargi yana da dalili. Hukumar binciken cutar daji ta duniya da ke Liyon a Faransa ta ƙiyasta cewa a 2022 mutum kusan miliyan 2.5 ne suka kamu da dajin huhu, wajen miliyan 1.8 kuma suka mutu, adadin da ya sa ya fi kowane irin daji kisa.

Sai dai kama da wane ba ta wane. Tarin fuka yana iya dunƙulewa wuri guda ya yi kama da daji sak, har da rama da tarin jini. Haka wasu cututtukan funfuna, da ƙurjin da ya tara mugunya, da wani ƙari marar lahani mai suna hamatoma wanda galibinsa guringuntsi ne da kitse. Wani lokaci kuma dajin ne, amma baƙo ne a huhun: daga nono ko hanji ko ƙoda ya taso ya yada zango a can. Ko hoton PET, wanda ke haska wuraren da ke zuƙar sukari da yawa a jiki, yakan haska tarin fuka kamar yadda yake haska daji, domin duka biyun masu ci ne. Kuskuren da ya fi ciwo a wannan fage shi ne a ɗora mutum kan maganin tarin fuka na wata shida bisa hoto kawai, ba a ga ƙwayar cutar ba, sai an ga bai samu sauƙi ba a dawo a duba, alhali dajin da za a iya yankewa a da ya riga ya bazu. Shi ya sa maganar ba ta ƙarewa sai an ɗebo wani abu daga cikin ƙarin an sa shi ƙarƙashin madubin likita.

Hanyar ɗebowa ta allura iri biyu ce. Ta farko siririyar allura ce, galibi mai lamba 22, kaurinta wajen milimita 0.7. A lissafin allurai, gwargwadon girman lambar gwargwadon sirancin allurar. Ana soka ta cikin ƙarin, a motsa ta gaba da baya, a zuƙo. Abin da ke fitowa ɗigo ne mai ɗauke da ƙwayoyin halitta a warwatse, wasu ɗaiɗai, wasu a cure. Sai a shafa a kan gilashi, a rina, a duba. Wannan fanni shi ake kira saitoloji, nazarin ƙwayoyin halitta su kaɗai. Ta biyu allura ce mai yanka, lamba 18 ko 20, mai ɗan kwarmi a kusa da bakinta da kube da ke harbawa ya rufe, ya gutsuro nama siriri kamar zare, tsawonsa santimita ɗaya zuwa biyu. Wannan gutsuren ana jiƙa shi a fomalin, wato ruwan maganin da ke hana nama ruɓewa, a daskarar da shi cikin kakin farafin, a yi masa yanka sirara ƙwarai, a rina. Shi ne bayofsi, nazarinsa kuma histoloji.

Bambancinsu kamar na tubali da katanga ne. Mai duban abin da siririyar allura ta zuƙo tubala yake gani a zube, yana iya juya kowanne ya ga siffarsa da kyau. Mai duban gutsuren nama ɓangaren katanga aka kawo masa, yana ganin yadda aka jera tubalan, da abin da ke tsakaninsu, da ko ginin ya shiga gonar maƙwabci. Kowannensu yana ganin abin da ɗayan ba ya gani.

Dabarar ba ta yau ba ce. A 1930 Hayes Martin da Edward Ellis na asibitin Memorial da ke Niyok suka buga sakamakon gano ƙari ta hanyar zuƙo da allura, amma likitoci da yawa suka ɗari-ɗari da ita, suna tsoron huda huhu da kuma yaɗa dajin a kan hanyar allurar. A shekarun 1960 ne Björn Nordenström na asibitin Karolinska a Suwidin ya nuna cewa da siririyar allura da hoton da ke nuna ta tana tafiya, ana iya yin aikin lami lafiya. A 1976 aka fara amfani da hoton siti wajen yi wa allura jagora, kuma har yau shi ne idon mai sokawa.

Kafin a zaɓi allura, sai an zaɓi hanya. Ƙarin da ya zauna a tsakiyar ƙirji, kusa da manyan hanyoyin iska, ta ciki ake zuwa masa. Ana zura bututu mai lanƙwasa mai fitila da kyamara ta hanci ko baki, irin wanda Shigeto Ikeda ya ƙirƙiro a Japan a 1966, a ga ƙarin ido da ido, a tsinko shi da ɗan hantsaki, a goge shi da buroshi, a wanke wurin a kwashe ruwan. A irin wannan wuri ana dacewa kusan sau tara cikin goma. Amma in ƙulli ne ƙarami can gefen huhu, ƙasa da santimita 2, bututu na gama-gari ba ya kama fiye da kusan ɗaya cikin uku. Nan ne allura ta waje, wadda ake sokawa tsakanin haƙarƙari, take cin kasuwarta, domin tana gano daji wajen kashi 90 cikin ɗari na waɗanda ke da shi. Tun farkon shekarun 2000 kuma aka samu bututu mai na'urar sauti a bakinsa, wanda ke hango kaluluwar da ke bayan bangon hanyar iska, a soke ta da siririyar allura ana kallo. Wannan ya rage buƙatar tsaga gindin wuya don a kai ga kaluluwar tsakiyar ƙirji.

Akwai wata ƙa'ida da marar lafiya da danginsa kan yi mamakinta. Ƙarin yana huhu, amma likita ya ce zai soki kaluluwar da ta kumbura a gindin wuya, ko ya zuƙi ruwan da ya taru a ƙirji, ko ya soki wani tabo a hanta. Ba ɓata hanya ya yi ba. In aka samu ƙwayoyin daji a can, an san sunan cutar, an kuma san ta bazu, duka da suka guda ɗaya, ba tare da an taɓa huhun ba. Sanin inda dajin ya kai shi ne ke yanke hukuncin ko tiyata za ta yi amfani. Ruwan ƙirjin dai ba kullum yake tona asiri ba: a zuƙar farko wajen kashi 60 cikin ɗari kawai yake nunawa.

Gudun taɓa huhun yana da dalili. Huhu kamar balan-balan yake a cikin akwati, tsakaninsa da bangon ƙirji tantani ne biyu manne da juna. In allura ta ratsa su, iska tana iya zurarewa ta shiga tsakani, huhun ya ɗan sace. Wannan yana samun kusan mutum ɗaya cikin huɗu ko biyar, kuma ya ɗan fi yawa da allura mai yanka. Mafi yawansa ƙarami ne, jiki yana shanye iskar da kansa. Wajen mutum ɗaya cikin ashirin ne ake sa wa roba a ƙirji don ta fita. Haɗarin yana ƙaruwa in huhun ya riga ya lalace da hayaƙin taba, ko ƙullin ƙarami ne mai zurfi, ko an huda tantanin sau da yawa. Wasu kan yi tarin jini kaɗan ya tsaya. Shigar iska cikin jijiyar jini, wadda ke iya kaiwa ƙwaƙwalwa ko zuciya, ba kasafai take faruwa ba amma mummuna ce, shi ya sa ake gargaɗin marar lafiya kada ya yi tari ko magana allura na ciki. Tsoron da aka daɗe ana yi na shuka daji a kan hanyar allura kuwa ya zama abin da da wuya a gani. Duk da haka, mai huhu ɗaya, ko mai shan maganin tsinka jini da ba a dakatar ba, ko wanda ake zaton abin da ke hotonsa curin jijiyoyin jini ne, ba a yi masa garaje, kada garin neman gira a rasa ido.

Yanzu samfur ya isa ɗakin gwaji. Shekara talatin da suka wuce, tambayar da ake wa mai dubawa gajeriya ce: daji ne? In daji ne, mai ƙananan ƙwayoyi ne ko kuwa? Nau'in mai ƙananan ƙwayoyi, wanda ya kai wajen kashi 15 cikin ɗari, yana da saurin bazuwa, maganinsa galibi kemo ne, wato magungunan kashe ƙwayoyin daji, da kuma gasa ƙarin da hasken na'ura. Sauran kashi 85 ɗin a kwando ɗaya ake zuba su, tunda magani ɗaya ake ba su. A wannan aiki siririyar allura gwana ce. Ƙwayoyin nau'in farko suna da laushi, hantsaki yakan murƙushe su su zama shuɗin dabbare da ba a karantawa, amma a shafen gilashi ana ganinsu sarai, cibiyoyinsu sun matsu suna lanƙwasa a jikin juna. Nau'in da ke tasowa daga shimfiɗar hanyoyin iska, wanda likitoci ke kira sikwamos, shi ma yakan tona kansa da rinin Papanicolaou, inda ƙwayoyinsa masu tauri ke ɗaukar launin ruwan lemo mai haske.

Da kiɗa ya canza, rawa ma ta canza. A 2004 aka gano cewa masu wani sauyi a ƙwayar gado mai suna EGFR su ne dajinsu ke narkewa in an ba su ƙwayar gefitinib. A 2007 masu bincike a Japan suka gano haɗewar ƙwayar gadon ALK, zuwa 2011 an amince da maganin crizotinib dominta. A tsakanin nan aka lura cewa maganin pemetrexed ba ya wani tasiri a nau'in sikwamos, maganin bevacizumab kuma yana iya jawo wa masu wannan nau'in zubar jini mai kisa. Sai ga magungunan da ke sakin garkuwar jiki ta far wa dajin, waɗanda zaɓensu ya rataya a kan auna wani furotin mai suna PD-L1. Kwandon nan guda ya tarwatse. Yanzu dole a bambance adenokasinoma, wato nau'in da ke kwaikwayon ƙwayoyin da ke fitar da majina kuma wanda ya fi yawa a yau, daga sikwamos. In adenokasinoma ne, dole a nemi sauye-sauyen gado da dama. Ba ƙaramin abu ba ne: sauyin EGFR yana cikin kashi 10 zuwa 15 na wannan nau'in a Turawa, a mutanen gabashin Asiya kuwa yana kaiwa kusan rabi, kuma ya fi yawa a waɗanda ba su taɓa shan taba ba.

Ga inda gizo ke saƙa. Wajen kashi 70 cikin ɗari na masu dajin huhu suna zuwa ne bayan cutar ta wuce tiyata. Ma'ana, ba za a taɓa ciro ƙarin gaba ɗaya a duba ba. Ɗigon nan da zaren naman nan su ne duk abin da za a samu, kuma daga cikinsu ake son sunan cuta, da nau'inta, da sauyin gadonta, da ma'aunin PD-L1, wanda shi kaɗai yana buƙatar aƙalla ƙwayoyin daji ɗari masu rai a kan gilashi. Wannan ya sa a 2011 manyan ƙungiyoyin likitocin huhu uku suka fitar da tsarin suna na musamman don ƙananan samfura, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta shigar da shi cikin rabe-rabenta na 2015. Jigon tsarin tattali ne. In siffar ƙwayoyin ba ta nuna nau'in ba, a yi rini biyu kawai: TTF-1, wanda ke kama adenokasinoma, da p40, wanda ke kama sikwamos. Sauran naman a ajiye wa gwajin gado. Mai dubawar da ya jera rini goma don ya gamsar da kansa, ya cinye samfurin, ya jawo wa marar lafiya suka ta biyu. Ko sake ɗora curin kakin a kan injin yanka ma yana aske wani abu daga cikinsa, shi ya sa ɗakunan gwaji masu lura suke yanka gilasai da yawa tun a zaman farko su adana.

An daɗe ana ɗauka cewa wannan sabon nauyi ya kashe kasuwar siririyar allura, tunda rini da gwajin gado nama suke so. Abin bai tafi haka ba. In aka wanke allurar cikin ruwa, aka juya shi a na'ura ƙwayoyin suka kwanta, ana iya dunƙule su a daskarar cikin kaki kamar nama, a yanka, a yi duk rinin da ake so. Har ila yau, sinadarin gado da aka kankaro daga shafen gilashi sau da yawa ya fi na nama inganci, domin fomalin yana kakkarya shi. Mafi muni shi ne samfurin ƙashi da aka jiƙa a ruwan asid don ya yi laushi, wanda gwajin gado kan gagara a kansa. Akwai kuma wata dabara mai sauƙi da ke ceton mutane daga dawowa: mai duba ƙwayoyi ya zauna a ɗakin da ake sukar, da madubinsa da rini mai saurin kamawa, ya leƙa shafen farko cikin 'yan mintoci ya ce "an samu" ko "jini ne kawai, a ƙara". In ya ga alamar mugunya ko curin kumburi irin na tarin fuka, nan take a ware wani kaso cikin ruwan gishiri don a shuka ƙwayar cuta. Wannan ƙaramin abu ne da ake yawan mantawa, kuma duk abin da ya faɗa fomalin ya mutu, ba zai tsiro a ɗakin gwaji ba har abada.

A ganina, gardamar wacce ta fi tsakanin allurar biyu an ba ta girman da ya wuce nata. Inda huhun marar lafiya zai jure, a haɗa su. Akwai allurar jagora mai rami wadda ake kafawa sau ɗaya a gefen ƙarin, siririya ta bi ta cikinta ta zuƙo, mai yanka ta biyo baya ta gutsuro sau biyu ko uku, duka ta huda guda ɗaya a tantanin huhu. Abin da ya fi nau'in allura tasiri shi ne inda bakinta ya sauka. Babban ƙari yakan ruɓe a tsakiya saboda jini ba ya isa can, gefensa kuma yakan kasance kewaye da kumburi ko huhun da ya toshe. Wanda ya soki tsakiya mataccen nama zai kwaso, wanda ya tsaya a baki kumburi zai kwaso, su biyun kuma za su samu takarda mai cewa ba a ga daji ba.

Wannan takarda ita ce wurin da ya fi kowanne haɗari a duk lamarin. In allura ta ce daji ne, da wuya ta yi ƙarya. In ta ce ba ta gani ba, magana ba ta ƙare ba. Tsarin ba da rahoton saitolojin huhu da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2022 ya kasa sakamako gida biyar: samfur bai isa ba, marar lahani, ƙwayoyi masu baƙuwar siffa, ana zargin daji, daji ne. Gida na biyu ne ke buƙatar karatun ta-natsu. Akwai "marar lahani" mai suna, kamar a ce an ga guringuntsin hamatoma, ko an ga ƙwayar tarin fuka, ko an ga funfuna ƙuru-ƙuru. Wannan amsa ce, ana iya dogara da ita, kuma allura mai yanka ta fi kawo irinta, domin cututtukan da ba daji ba galibi a tsarin gini ake gane su. Akwai kuma "marar lahani" marar suna: ƙwayoyin kumburi, tabo, ƙwayoyin huhu na yau da kullum. Wannan yana iya nufin allurar ta kuskure ne kawai. Daga cikin masu irin wannan sakamako, kaso mai tsoka daga baya ana gano daji ne. In mutum ya haura sittin, ya sha taba shekara arba'in, ƙarinsa yana da gefe mai ƙayoyi a hoto, to takardar da ta ce kumburi ne ba ta wanke shi ba. A sake suka, ko a bi ta wata hanya, ko a kai shi tiyata. Ko ganin tarin fuka ma ba ya rufe ƙofa gaba ɗaya, domin cututtukan biyu suna zama a huhu ɗaya. In an fara magani ƙarin bai ragu ba a hoto na gaba, a koma masa.

Akwai abubuwan da ƙaramin samfur ba shi da hurumin faɗa ko da an dace. Ba zai iya tabbatar da cewa adenokasinoma bai fara kutsawa cikin naman da ke kewaye ba, tunda ɓangaren da bai gani ba yana iya zama wanda ya kutsa. Ba zai iya yanke hukuncin nau'in da ake kira mai manyan ƙwayoyi ba, domin wannan suna ne da ake bayarwa bayan an duba ƙarin duka an rasa wata alama. Kuma ƙari ɗaya yana iya ƙunsar nau'i biyu, allura ta ɗebo daga ɗaya. Dajin limfoma, wato na kaluluwa, in shi ne ya ɓuya a ƙirji, yakan buƙaci nama mai yawa kafin a san reshensa.

Wani lokaci ma ba a sukar sam. Ƙulli ƙarami da ke girma a hotuna biyu a jere, a jikin mutum mai ƙarfin jure tiyata, babu alamar bazuwa, likitoci kan wuce kai tsaye su yanko shi, a daskarar da yanki a duba yana kwance a kan gado, in daji ne a ƙarasa aikin a zama ɗaya. Dalilin shi ne ko allura ta ce babu, ba za a yarda a bar shi ba.

Gwajin jini mai neman ɓurɓushin gadon daji ya shigo, tun 2016 aka amince da irinsa na EGFR a Amurka, kuma yana da amfani ga wanda ba zai jure suka ba ko wanda samfurinsa ya ƙare. Amma shi ma halinsa irin na siririyar allura ne: in ya samu, a yi aiki da shi, in bai samu ba, a koma wa nama, domin ba kowane ƙari ke zubar da isasshen ɓurɓushi cikin jini ba. Kuma ba ya ganin siffa. Wasu masu sauyin EGFR, bayan sun yi watanni ko shekaru suna samun sauƙi da ƙwayar magani, dajinsu yakan rikiɗe ya koma mai ƙananan ƙwayoyi, wanda maganinsa daban ne. Hanyar gane hakan ita ce a sake ɗaukar allura a soki wurin da ya fara girma.